Gudun Baba a Hanyar Kafinsoli

Mahaifina direba ne. Ya fara aiki da ƙaramar hukuma a Kankia tun kafin a cire Kusada daga cikinta, da aka cire kuma ya koma garinmu ya ci gaba da tuƙa motar ofis har ya yi ritaya. Duk wanda ya san shi, da abu ɗaya ya san shi: ba ya gudu. Ma'aikata kan ce in Baba ne zai kai ka taro Katsina, to ka karya kumallo tun da asuba. Akwai wani babban ma'aikaci da ya taɓa neman a canza masa direba saboda haka. Aka canza masa, ba a daɗe ba ya dawo da kansa yana roƙon a mayar masa da tsohon. Tsawon aikinsa ko kaza bai taɓa bugewa ba, kuma wannan ne kaɗai abin da na taɓa jin ya yi alfahari da shi.

Da aka biya shi kuɗin sallama ya sayi wata tsohuwar mota fara. Ba haya yake yi da ita ba. Yana kai Inna biki da gaisuwa, yana ɗauko taki, ranar Juma'a kuma ya wanke ta da hannunsa. Ni lokacin ina aure a Kankia, ina koyarwa a makarantar firamare. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini.

A farkon daminar wata shekara Inna ta gaya mini cewa Baba ya fara tuntuɓe da buta a tsakar gida, kuma in mutum ya tsaya a gefensa ba ya lura sai an yi magana. Na matsa masa mu je asibitin ido a Katsina. Ya ja lokaci, daga baya ya yarda. Shi ya tuƙa mu, don ni ban iya mota ba, maigidana kuma yana wurin aiki.

Likitan ya daɗe yana duba shi, ya sa shi ya kalli wasu ƙananan fitilu a cikin wata na'ura, sannan ya zaunar da mu. Ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya ci gefen ganinsa. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma in ya riƙe maganin ɗigawa za a iya tsare sauran. Sai ya tambayi sana'arsa. Da Baba ya faɗa, likitan ya ajiye biro.

"Baba, tuƙi kam sai haƙuri," in ji shi. "Gabanka kana gani sosai. Amma yaro zai fito ta gefe ba ka gan shi ba."

Baba ya ce, "To." Muka sayi maganin, muka yi azahar a masallacin asibiti, muka kama hanya. Na ce ko mu nemi wani ya tuƙa mu, ya ce rana tana nan, zai kai mu a hankali.

A hankalin kuwa muka taho har muka wuce Charanchi. An yi ruwa da safe, gari ya yi luf, gero ya fara tasowa kore shar a gefen hanya. Wajen Kafinsoli akwai wani wuri da titin ya miƙe sosai, kuma a lokacin ba a daɗe da gyara shi ba. Ba mota gabanmu, ba mota bayanmu. Sai na ji ƙarar injin ta canza. Na ɗauka tsallake wani abu zai yi. Na duba, ba komai. Bishiyoyi suka fara wucewa da sauri, iska ta fizge mayafina, ƙofar gefena ta soma kakkarwa. Na kalli allurar da ke nuna gudu, na gan ta a inda ban taɓa ganinta ba a motar nan.

"Baba," na ce.

Bai amsa ba. Hannayensa biyu na kan sitiyari, ya ɗan sunkuyo gaba, fuskarsa ba fushi ba murna. Wannan fuskar ce ta fi gudun ba ni tsoro, domin ban san ta ba. Na riƙe kujera ina salati a zuciyata. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Abin da na sani shi ne na hango mutane da kaki a gaba, ɗaya ya ɗaga hannu, Baba ya taka birki a hankali kamar yadda ya saba, ya gangara gefen hanya ya tsaya.

Ma'aikatan kiyaye haɗurra ne. Wanda ya zo tagar Baba ya leƙo da shirin faɗa, da ya ga furfura sai ya sassauta ya gaishe shi. Ya nuna masa na'urar da suka auna gudunmu da ita.

"Baba, lafiya? Mara lafiya kuka ɗauko?"

"A'a," in ji Baba.

"To ina za ku da wannan gudu?"

"Gida."

Mutumin ya dube ni, ya mayar da ido kan Baba. Ya karɓi lasin Baba, ya rubuta takardar tara, ya yi bayani dalla-dalla: a je banki a biya kafin wa'adin da aka rubuta ya cika, a kawo shaidar biya ofishinsu a karɓi lasin. In wa'adi ya wuce, magana ta koma kotu. Ya maimaita wannan har sau biyu. Kuɗin ba su da yawa, ba su kai na buhun gero ba a lokacin. Baba ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya yi godiya, muka tafi. Daga nan har ya sauke ni a Kankia ko mai keke zai iya wuce mu. Ban tambaye shi komai ba.

Da ya isa Kusada ya gaya wa Inna maganar likita, ya ce kuma an ci shi tara a hanya. Bai faɗi irin gudun ba, ni ma ban faɗa ba. Inna ta yi dariya ta ce lallai ma'aikatan sun rasa wanda za su kama. Ya ajiye motar a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ya rufe ta da tamfol.

A nan Baffa ya shigo maganar. Ƙanen Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana sayar da hatsi a kasuwar Kusada. Mutum ne mai son taimako, kuma mai son a san ya san mutane. Da ya ji labarin ya ce abin kunya ne a ce yayansa, wanda ya yi wa gwamnati tuƙi har ya tsufa, ya je ya bi layin banki saboda tara. Ya ce akwai wani abokin cinikinsa da ke da hanya, magana ɗaya zai yi a dawo da lasin har gida. Ya karɓi takardar. Da Baba na cikin hayyacinsa ba zai ba shi ba, don shi mutum ne da ke biyan kuɗin wuta tun kafin a kawo takarda. Amma a kwanakin nan ba ya cikin hayyacinsa. Yakan zauna a zaure tun safe, ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya rufe ɗayan, yana gwada abin da ya rage masa.

Na kira Baffa a waya na tambaye shi ko an biya. Ya ce, "Ke dai ki bar mini wannan, an gama." Na ɗauka an gama ɗin.

Aka yi noman farko, aka yi maimai. Maganar tara ta fita daga ran kowa.

Ranar wata kasuwar Kusada na je gida duba su. Muna zaune da Inna tana tankaɗe, sai aka yi sallama a ƙofar gida. Wani mutum ne a kan babur da jaka a rataye. Ya tambayi mai gidan, ya ce daga kotu yake, sammaci ya kawo. Ranar kasuwa ce, layinmu cike da mutane, kuma bai yi maganar a ɓoye ba. Kafin Baba ya gama sa hannu maƙwabta sun taru nesa kaɗan suna kallo.

Ina tsaye a bakin zaure ina kallo. A gidanmu kotu wuri ne da ake jin labarinsa a bakin wasu. Masu rikicin gona ke zuwa, da masu rabon gado da ya lalace. Baba ko shaida bai taɓa zuwa bayarwa ba. Inna ta fito da rariya a hannu tana tambaya, "Mi ya yi? Wa ya kai shi ƙara?" Na karanta takardar na gaya mata. Tarar nan ce. Ba a biya ba, wa'adi ya wuce tuntuni, kotun tafi-da-gidanka za ta zauna a Kankia, ana neman sa.

Aka aika aka kira Baffa daga kasuwa. Ya zo da ƙurar dawa a rigarsa. Da ya ji, sai ya fara laluben aljihu, ya fara kiran lambar abokin nasa. Wayar ba ta shiga. Daga baya muka gane cewa mutumin ba ma'aikaci ba ne, ba shi da wata hanya, ya ce "to" ne kawai don kada ya ba Baffa kunya, ya jefa takardar a wani wuri ya manta. Baffa ya yi ta rantsuwa. Baba ya dube shi ya ce, "Koma wajen hatsinka, kar a sace."

Ban taɓa sanin ana yin kotu a bakin titi ba sai ranar. An kafa rumfuna a wani fili kusa da babbar hanya, an jera bencina, an sa tebur da kujera a gaba. 'Yan sanda na tsaye, ga wata mota mai ƙananan tagogi a ajiye gefe, wadda ba sai an gaya maka aikinta ba. Mutanen da ke kan bencin yawanci direbobin haya ne da 'yan acaɓa, wasu an kamo su da safiyar nan, wasu irin Baba masu tsohon laifi. Da muka iso, ni da Baba da Inna da Baffa, sai na ga kawuna suna juyowa. Da yawa sun san shi. Wani direban tifa ya miƙe ya ba shi wuri, yana cewa, "Baba, belin wa ka zo?" Baba ya ce, "Ni aka kira." Mutumin ya yi dariya, da ya ga ba wanda ya taya shi sai ya daina.

Baffa ya matso kusa da kunnen Baba. Ina jin sa.

"Yaya, in an tambaye ka, ka ce daga asibiti kuke, mara lafiya ka ɗauko. Ai ba ƙarya ba ce, daga asibitin kuke. Kar ka ce komi a kan ido."

Baba ya ci gaba da kallon teburin da ke gaba.

Mai shari'ar mutum ne mai matsakaicin shekaru, ba ya ɗaga murya, kuma yana sauri. Ana kiran suna, a karanta laifi, a tambayi mutum ko ya amsa, a yanke. Kafin a zo kanmu na ga an yanke wa wani direban bas tara ko zaman gidan yari. Ya ce ba shi da kuɗin, ya roƙa, aka ce ya nemi wanda zai kawo. Wani ɗan sanda ya kama hannunsa ya kai shi wani benci daban kusa da motar nan. A lokacin ne na fara gane cewa abin da muka zo ba biyan tara ba ne kawai.

Aka kira sunan Baba, cikakken sunansa da na mahaifinsa, babu Malam babu Alhaji. Ya miƙe ya je gaban tebur ya tsaya, hannayensa a baya kamar ɗalibi. Na taɓa ganin sa tsaye a gaban manya, yana buɗe musu ƙofar mota, amma wannan tsayuwar daban ce. Aka karanta laifin, aka faɗi gudun da doka ta yarda da shi a wurin, aka faɗi wanda na'ura ta nuna. Wajen ya ɗauki guna-guni. Inna ta juyo ta dube ni.

"Gaskiya ne?" ta tambaya a hankali. "Kina ciki?"

Na gyaɗa kai.

Mai shari'a ya tambayi Baba ko ya amsa laifinsa. Ya ce ya amsa. Ya tambaye shi dalilin da bai biya a kan lokaci ba. Baba ya ce sakacinsa ne, bai ambaci Baffa ba. Sai mai shari'ar ya ɗago ya dube shi sosai.

"Dattijo kamarka, me ya kai ka wannan gudu? Akwai wata larura?"

"Babu larura, ranka shi daɗe. Daga wajen likita nike. Ya ce idona ya lalace, in bar tuƙi. Da na zo wurin nan na ga hanya ta miƙe, sai na ce tunda na ƙarshe ne, bari in ji abin da yara ke ji. Tunda nike ban taɓa yi ba. Shi ke nan."

Baffa ya dafe kai. Na kwana da tambayar nan tun ranar Kafinsoli, na ba kaina amsoshi iri-iri, har na taɓa tunanin ko baƙin ciki ne ya sa ya so mu mutu. Ban taɓa zaton sha'awa ba ce. Ban san Baba yana da irin wannan sha'awar ba, ban san ya yi shekaru yana danne ta ba.

Mai shari'a ya dubi takardar da ke gabansa. Sannan ya ce, "Wato likita ya gaya maka ba ka gani sosai, sai ka ƙara gudu. Kai kaɗai ne a motar?"

"Da ɗiyata."

"Da ɗiyarka." Ya rubuta wani abu. "Na gode da ka faɗi gaskiya, kuma na duba shekarunka da cewa ba a taɓa kama ka ba. Amma hanyar nan yara na tsallaka ta da awaki."

Ya yanke hukunci. Tarar da ya faɗa ta ninka ta farko sau da yawa, ga kuɗin kotu a kai. Ya ce a riƙe lasin har sai likita ya ba da shaidar cewa yana iya tuƙi. Sannan ya ƙara da cewa in bai biya ba, zaman gidan yari. Ya faɗi watannin. Na san ka'ida ce, haka ya faɗa wa kowa, amma jin kalmar gidan yari a jere da sunan mahaifina daban ne. Inna ta ce, "Innalillahi," sau ɗaya.

Kuɗin da muka zo da su ko rabi ba su kai ba, domin mu lissafin tsohuwar tara muka yi da ɗan ƙari. Ɗan sandan ya zo. Bai kama hannun Baba ba, ya dai nuna masa bencin, Baba ya tafi da kansa ya zauna kusa da direban bas ɗin.

Na kira maigidana ya bar aiki ya taho da abin da ke hannunsa. Na hau acaɓa na je wajen uwar adashinmu na malamai, na roƙe ta ta ba ni kwasata kafin lokaci. Ba ta tambaye ni dalili ba, fuskata ta gani. Baffa ya bazama cikin kasuwar Kankia wajen abokan cinikinsa, ya dawo yana haki da kuɗi a ƙulle cikin leda. Direban tifar nan ma ya zo ya cusa mini wani abu a hannu, ya ce Baba ne ya koya masa ribas da tirela. Da na dawo na tarar da Baba yana nan inda na bar shi, rana ta karkato ta shigo ƙarƙashin rumfar tana dukan sa, bai matsa ba. Lokacin ɗiga maganinsa ya yi, Inna ta je ta tsaya a kansa, ya ɗaga fuska, ta ɗiga masa a gaban kowa, ta koma wurinta.

Wajen la'asar aka kammala, aka ba mu rasit, aka ce ya tafi. Kafin ya tashi ya tambayi direban bas ɗin ko mutanensa na zuwa, ya ce suna hanya.

Inna ba ta yi masa magana ba a motar haya, ba ta yi masa ba a gida. Na kwana a Kusada a ranar saboda ita. Tana ba shi abinci, tana ɗiga masa magani, amma in ya yi magana sai ta amsa wa bango. Ba kuɗin ne ya dame ta ba, ba kuma surutun gari ba, ko da yake an yi surutun. Ta ce mini, "Da kin mutu fa? Ke da goyo a gida." Ta kai mako tana wannan fushin.

Baba ya sayar da motar bayan kaka. Wani malamin asibiti daga Fakuwa ya saya. Da aka zo ɗauka ya cire tamfol ɗin da kansa, ya gaya wa mutumin yadda take son a yi mata da safe kafin ta tashi, ya shige gida kafin a tayar da ita. Daga kuɗin ya biya kowa abin da ya bayar, har Baffa, wanda ya ƙi karɓa sai da Baba ya ɓata rai. Bai koma neman lasin ba.

Ranar da ya kawo mini nawa, da kansa ya zo Kankia a motar haya. Ya zauna a kan tabarma a tsakar gidana, ya sha ruwa, ya yi wasa da jikarsa. Da zai tafi na rako shi zaure, sai ya tsaya.

"Uwata, ki yahe mini," ya ce.

Na ce, "Haba Baba, me ka yi mini?"

"Kin san abin da na yi. Na ji kin kira ni a motar, ban amsa ba."

Ban taɓa jin uba ya nemi gafarar 'yarsa ba, ban san yadda ake amsawa ba. Na durƙusa na ce na yafe, shi ma ya yafe mini. Ya ce Allah ya yi mini albarka. Maigidana ya fito da babur zai kai shi tasha, Baba ya tattara rigarsa ya hau baya, suka tafi.